Tambayi Lauya: Me Takardun Janeba Suka Tsinana wa Yaron Shago a Kwari?

Tun daga ranar 10 ga Disamba wayata ba ta huta ba. Ita ce ranar haƙƙin ɗan'adam ta duniya, gidajen rediyon Kano kuma suka wuni suna gayyato mu lauyoyi muna ta zuba. Da alama ƙurar da muka tayar ta fi wadda muka kwantar, don saƙonnin da suka biyo baya rabinsu tambaya ne, rabinsu gori. Na ɗauko huɗu, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Ƙanena yaron shago ne a wajen wani mutum. Ubangidan nasa ya karɓi kaya bashi ya gudu, masu kaya suka kawo 'yan sanda aka tafi da yaron. Kwana tara yana tsare ba a kai shi kotu ba, sai da muka haɗa kuɗi aka sake shi. Sai ga shi na ji ku a rediyo kuna cewa Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyoyin duniya. Don Allah me waɗannan takardu suka tsinana mana?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya kiyaye gaba, ka gaishe min da yaron.

Na karɓi rabin gorinka. Takardar da minista ya rattaba wa hannu a Janeba ko Niyok ba ta da ƙafar da za ta tako har caji ofis ta buɗe wa ƙanenka ƙofa. Tsarin mulkinmu na 1999 ma ya faɗi haka ƙarara a sashe na 12: duk yarjejeniyar da Najeriya ta ƙulla da ƙasashen waje ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Kafin nan alkawari ce kawai tsakanin gwamnatoci, alƙali a Kano ba zai ɗaure kowa da ita ba.

Amma bari mu ɗauki abin da aka yi wa yaron ɗaya bayan ɗaya, mu ga inda kowanne ya samo haramcinsa.

An kama shi a madadin ubangidansa. Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan'adam da na Al'ummomi, wadda shugabannin Afirka suka amince da ita a Nairobi a 1981, ta ce a sashe na 7 hukunci na mai laifi ne shi kaɗai. Wannan yarjejeniya kuwa ba irin waɗanda suka tsaya a bakin iyaka ba ce, tun 1983, zamanin Shagari, aka mayar da ita dokar Najeriya. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta zo ta fito da maganar fili a sashe na 36, cewa ba a kama wani a madadin wanda ake zargi. Kai da kanka ka san wannan tun kana makarantar allo, cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani.

Sannan maganar bashi ce. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin jama'a da na siyasa, wadda Najeriya ta shiga a 1993, ta hana ɗaure mutum don kawai ya gaza cika alkawarin ciniki. Ita ma dokar 'yan sanda ta maimaita wannan a sashe na 32. Idan akwai zamba cikin aminci, wannan laifi ne, a nemi wanda ya yi. Idan bashi ne zalla, hurumin kotu ne.

Kwana tara kuma ba su da gindin zama ko kaɗan. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba da kwana ɗaya a gurfanar da mutum idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kwana biyu idan babu. Faɗa min lungun da ke cikin birnin Kano da ya yi nisan kilomita 40 da kotu.

Shi kansa babi na huɗu na tsarin mulki, wanda ya ƙunshi wannan sashe da sauran haƙƙoƙin ɗan'adam da muke tinƙaho da su, daga ina ya fito? A 1957 Turawa suka kafa kwamitin Henry Willink don ya saurari fargabar ƙananan ƙabilu game da abin da zai same su bayan samun 'yanci. Kwamitin bai yarda a ƙirƙiro sababbin jihohi ba, sai ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin kowa a cikin tsarin mulki. Da aka zo rubutawa, aka ɗauko yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka yi wa kansu a 1950 aka kwaikwaya, ta shiga tsarin mulkin 1960, ta yi ta bin sauran har zuwa na yau. Ka ga ashe takardar waje ta daɗe da shigowa gidanka, ta sauya riga ne shi ya sa ba ka gane ta ba.

Marigayi lauya Gani Fawehinmi ya gwada ƙarfin wannan hanya. An kama shi a 1996 a mulkin Abacha, lokacin da dokokin soja suka ɗaure hannun kotuna. Ya kafa hujja da Yarjejeniyar Afirka, aka yi ta bugawa har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke a shekarar 2000 cewa yarjejeniyar doka ce da kotunan Najeriya za su yi aiki da ita, sai dai tana ƙarƙashin tsarin mulki. Har gobe da wannan hukunci muke shiga kotu.

To me ya rage maka? Ƙanenka na da damar shigar da ƙarar tauye haƙƙi a Babbar Kotu, ta jiha ko ta tarayya. Ƙa'idojin da aka fitar a 2009 sun sauƙaƙa abin: babu wa'adin da ƙarar za ta lalace, ɗan'uwa na iya shigar da ita a madadin wanda aka tsare, an kuma umarci alƙalai su riƙa la'akari da Yarjejeniyar Afirka. Sashe na 35 ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. Ku rubuta ranar kamu da ranar saki tun ba ku manta ba, ku riƙe shaidar tura kuɗin idan ta waya aka yi, ku nemo maƙwabtan shago da aka yi abin a gabansu. Idan aljihu ba nauyi, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, duk suna da ofis a Kano.

Ba zan ɓoye maka ba, cin shari'a daban, karɓar kuɗi daban. Na taɓa tsaya wa wani mai shayi da aka tsare ɗansa saboda yayan yaron ya tsere da babur ɗin haya. Muka yi nasara, alƙali ya yanke diyya, dattijon nan ya rungume ni a harabar kotu har hulata ta faɗi. Sai da yaron ya yi aure ya haihu kafin wani abu ya shigo hannunsu, don akwai tsohuwar doka da ta ce sai da izinin Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati. Amma tun ranar da sammaci ya isa, ba a sake taka ƙofar gidansa ba, shi kuwa abin da ya fi nema ke nan.

Ina da magana kuma da ku 'yan kasuwa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya kai 'yan sandan? Ɗan'uwanku ne na layi, wanda ya ga kotu za ta ɓata masa lokaci. Irin wannan ƙara har da shi ake haɗawa, kuma shi asusunsa ba ya buƙatar izinin kowa.

TAMBAYA: Ni malamin Islamiyya ne a Gwale. Abin da nake gani, wannan haƙƙin ɗan'adam Turawa ne suka zauna suka tsara bisa al'adarsu, suka ɗora mana. Mu da muke da Shari'a, me ya kai mu?

AMSA: Allah gafarta Malam, ba zan yi jayayya da kai a fagenka ba, sai dai in tuna maka abin da ka fi ni sani. Wani baƙon ɗan kasuwa daga Yaman ya sayar wa Al-As bin Wa'il kaya a Makka, aka hana shi kuɗinsa, ba shi da dangin da za su tsaya masa. Wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi bin Jud'an suka yi rantsuwa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta, ɗan gari ko baƙo. Hilful Fudul ke nan. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarta yana matashi, bayan aiko shi kuma ya yabi wannan alkawari, ya nuna da za a kira shi zuwa irinsa zai amsa. Mutanen da ba aƙidarsu ɗaya ba su haɗu a kan hana zalunci, wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu.

A kan tarihi kana da hujja mai ƙarfi. Ranar 10 ga Disamba 1948 da aka amince da sanarwar haƙƙin ɗan'adam a Faris, Majalisar Ɗinkin Duniya na da mambobi 58 ne kacal. Daga Afirka akwai Masar da Habasha da Laberiya da Afirka ta Kudu, mu kuwa muna ƙarƙashin Ingila, wadda ke ɗaga hannu a can tana mulkin mallaka a nan. Sai a ranar 7 ga Oktoba 1960 Najeriya ta samu kujera, a matsayin ƙasa ta 99.

Sai dai a ce Turawa kaɗai suka rubuta, an rage wa wasu haƙƙinsu. Cikin manyan masu tsarawa akwai Charles Malik na Labanan da Peng Chun Chang na Sin, wata 'yar Indiya kuma, Hansa Mehta, ita ta dage aka sauya lafazin da ke nufin maza zuwa wanda ya haɗe 'yan'adam duka. Ƙasashe 48 suka amince, ciki har da Masar da Pakistan da Iran da Iraƙi da Siriya da Turkiyya da Afganistan. Takwas suka ƙaurace. Saudiyya na cikinsu, saboda sashen da ya yi magana kan aure da wanda ya ba da damar sauya addini. Afirka ta Kudu ma ta ƙaurace, amma ita don sanarwar ta ci karo da wariyar launin fata.

Wannan saɓani na Saudiyya bai gushe ba, kuma ban ga amfanin a rufe shi da zani ba. Shi ya sa Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta fitar da tata sanarwar a Alƙahira a 1990, ta ɗaure komai da Shari'a. Shi ya sa kuma dokar kare haƙƙin yara da tarayya ta yi a 2003 ta daɗe tana jiran jihohin Arewa, kowace na duba ta da malamanta kafin ta karɓa. Haka abin yake tafiya, a ja nan a sassauta can. Amma a sashe 30 na sanarwar 1948, ƙirga min nawa ne ke da wannan matsala. Hana azabtarwa, hana bauta, hana hukunci ba tare da an saurari mutum ba, ɗaukar wanda ake zargi a matsayin mara laifi sai an kawo hujja, wanne daga ciki za ka hau mumbari ka ƙi?

Ga wani abu da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana don gyara tsarin shari'ar Arewa. Shugabansa Sayyid Muhammad Abu Rannat ne, Alƙalin Alƙalan Sudan, tare da mai shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan da Farfesa Anderson daga Landan, da wakilai 'yan ƙasa. Daga shawararsu aka samu kundin laifuffuka na Final Kod, wanda aka ɗauko samfurinsa daga Sudan, ita kuma ta ɗauko daga Indiya. Littafin da majistare ke buɗewa a Nomansland yau ya ratso ƙasa biyu kafin ya iso. Ko Risala da Muhtasar da kuke karantar da mu, ai ba a Madabo aka rubuta su ba, Malam.

TAMBAYA: Baba Barista, ni ɗaliba ce daga Hotoro. Kullum ina jin "kotun duniya". Guda nawa ce? Talaka zai iya kai ƙara can? Kuma me ya sa 'yan Afirka kawai take kamawa?

AMSA: 'Yata, a birnin Heg na ƙasar Holan akwai manyan kotuna biyu, rediyo kuma na kiran kowacce kotun duniya, shi ya kawo ruɗanin.

Ta farko ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce, ƙasa da ƙasa ke shari'a a gabanta. Ita ta ba Kamaru yankin Bakasi a 2002, aka kammala miƙawa a 2008. Can Gambiya ta kai Myanmar a 2019 saboda Musulmin Rohingya, can Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila a ƙarshen 2023 kan Gaza. Ɗan Najeriya, Taslim Elias, ya shugabance ta daga 1982 zuwa 1985. Ke da ni ba mu da ƙofar shiga.

Ta biyu ita ce ta manyan laifuffuka, wadda aka kafa da yarjejeniyar Rum ta 1998, ta fara aiki a 2002. Mutane take tuhuma, kan kisan ƙare dangi da laifukan yaƙi da cin zarafin bil'adama, kuma sai ƙasa ta gaza ko ta ƙi hukunta su da kanta. Kina iya aika wa mai gabatar da ƙara bayani, amma shi ke da zaɓin ɗauka ko bari. A Disamban 2020 Fatou Bensouda, 'yar Gambiya da ke riƙe da ofishin a lokacin, ta ce akwai dalilin buɗe bincike kan Boko Haram da kuma jami'an tsaron Najeriya.

Zargin da kika yi, biri ya yi kama da mutum. Shekarunta na farko kusan duk waɗanda ta tuhuma 'yan Afirka ne. Gaskiya ne Yuganda da Kwango da Afirka ta Tsakiya da Mali su suka kira ta da kansu. Amma Sudan da Libiya Kwamitin Sulhu ne ya miƙa su, alhali uku daga cikin masu kujerar naƙi, Amurka da Rasha da Sin, ba su yarda kotun ta yi iko da su ba. Da Bensouda ta juya wajen abin da ya faru a Afganistan, Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumi a 2020. Daga baya kotun ta ba da sammacin kama Putin a 2023, da Netanyahu a 2024. Ba ta da ɗan sanda ko ɗaya, sai wanda ƙasashe suka ara mata. Mu ma kada mu cika baki: Umar al-Bashir ya zo Abuja a 2013 da sammaci a kansa, ya koma gida lafiya.

Wadda ta fi kusa da ke tana nan Abuja, kotun ECOWAS. Tun 2005 aka ba mutum ɗaya damar ya kai gwamnatinsa ƙara kan tauye haƙƙi, kuma ba sai ya gama zagaye kotunan gida ba. Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12 a Jamhuriyar Nijar, ta bi wannan hanya. A 2008 kotun ta zauna a Yamai ta kama gwamnati da laifin gaza kare ta daga bauta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10, Nijar kuma ta biya. A 2022 kotun ta ce rufe Twitter da Najeriya ta yi ya saɓa doka. A ɗaya gefen, ta ba da umarnin sakin Sambo Dasuki a 2016, ba a sake shi ba sai Disamban 2019. Abin da ke ci min rai shi ne ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar a Janairun 2025. Ana ta lissafin kasuwanci da biza, ba wanda ke lissafin ƙofar da ake rufe wa irin su Hadijatou.

Akwai kuma kotun Afirka a Arusha ta Tanzaniya, sai dai Najeriya ba ta ba da izinin 'yan ƙasarta su kai ƙara can kai tsaye ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni uwa ce daga Fagge. Wasu ma'aikatan lafiya sun zo da takarda wai za a yi bincike kan wani magani, in dangwala a sa jikata a ciki. Turanci ce, ban iya karantawa ba. Dole ne?

AMSA: Hajiya, ba dole ba ne, kuma ƙin yarda ba zai hana a duba jikarki a asibiti ba. Wannan ƙa'ida ce da Kano ta biya kuɗinta da tsada.

Kin tuna sanƙarau na 1996. A lokacin kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa yara kusan 200 a nan garin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyayen suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, suka kai ƙara har Amurka. A Janairun 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara a Niyok ta ce gwajin magani a jikin mutum ba da yardarsa ba haramun ne a dokar da duniya ta haɗu a kai. Ta kafa hujja da ƙa'idojin Nurembag na 1947, waɗanda aka rubuta bayan shari'ar likitocin Hitila, da sanarwar Helsinki ta 1964, da sashe na 7 na waccan yarjejeniya ta 1966. A shekarar ne kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta zo ta wajabta a yi wa mutum bayani, a kuma karɓi yardarsa a rubuce.

Wannan ba yana nufin ki kore su ba, don da irin wannan bincike ake samun maganin da muke sha, kuma ya bambanta da rigakafin da aka riga aka tantance. Ki ce a karanta miki takardar da Hausa a gaban wanda kika yarda da shi. Ki tambayi sunan maganin, da illar da ake tsoro, da wanda zai ɗauki nauyi idan wani abu ya faru, da kwamitin da ya ba su izini. Kina da damar janyewa ko bayan an fara. Uba ko uwar yarinyar su ya kamata su sa hannu, sai idan riƙonta a hannunki yake. Idan kun amince, a ba ku kwafi, ki adana shi inda kike ajiye katin asibitinta.